Abin da ya hana ni sa hannu a takardar masunta

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na ƙi sa hannu a takardar da muka taru a kanta a bakin dam ɗin Daberam, alhali ni ne na fi kowa kukan kifi ya ragu. Ka sake karanta ta. Cewa ta yi za mu kiyaye ruwa, mu daina ɓarna. To, wace ce ɓarnar? Mai zuba gubar gamalin a ruwa da mai jan gidan sauro ya kwashe 'ya'yan karfasa da ba su kai farce ba, kowannensu zai sa hannu da zuciya ɗaya, don ba a ambaci aikinsa ba.

Manyan ƙasashe ma a nan suke tuntuɓe. A 2022 a birnin Montiriyal na Kanada ƙasashen duniya suka amince a kare kashi 30 cikin 100 na tekun duniya kafin 2030. Magana ce mai kyau, amma a Turai akwai wurare da yawa masu sunan kariya inda har yau jirage ke jan raga a ƙasan teku suna kankare komai. Wadda ta burge ni ita ce yarjejeniyar Tekun Ross, can kusa da Antatika a ƙarshen kudancin duniya, ta 2016. An shata iyaka, murabba'in kilomita miliyan 1.55. An ce kusan kashi 72 cikin 100 ba a su a cikinsa. An yanka wa'adi, shekara 35. Wanda ya ƙetare ba shi da bakin musu.

Haka nake so tamu ta zama. A rubuta faɗin idon taru da inci, tunda yatsun kowa ba ɗaya ba ne. A faɗi ranar rufe kamun kifi da ranar buɗewa, domin da ruwan damina ya fara shigowa tarwaɗa ke bin ciyayi tana zuba ƙwai. Ka taɓa buɗe bakin macen karfasa ka tarar da ƙwai cike? A baki take renonsu. Ka kama ta a lokacin, ɗaruruwa ka kashe, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Sai kuma wa zai zagaya da dare, nawa ne tarar, hannun wa za ta shiga. Gobe bayan Azahar ka zo da biro da takarda, mu je wurin Sarkin Ruwa tare.