Tsohon Shagon Fiza Ya Hana Mahaifina Banɗaki a Bronx: Me Doka Ta Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, sana'ata kai saƙon abinci a keke. Kwanakin baya na raka mahaifina asibiti, a hanyar dawowa muka tsaya wani tsohon shagon fiza na unguwarmu, muka ci muka biya. Baba na fama da ciwon suga, fitsari kan matsa masa ba zato ba tsammani. Da na nemi banɗaki sai mai shagon ya ce na ma'aikata ne kawai. Na roƙe shi, ya kafe. Da ƙyar muka kai gida, tsohon nan bai ce uffan ba a hanya saboda kunya. Shin doka ta yarda mutum ya sayar da abinci, a zauna a ci, amma babu inda za a kewaya? Kuma zan iya maka shi a kotu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da shi. Abin da ya faru bai yi daɗi ba, kuma ka yi daidai da ka tambaya kafin ka ɗauki mataki.

A birnin Niyok ba kowane gidan abinci ne doka ta wajabta wa banɗakin kwastomomi ba. Sashe na 81.22 na dokar lafiya ta birnin ya rataya hukuncin a kan abu biyu: yawan kujeru da shekarun wurin. Idan kujerun zama sun kai 20 ko sun haura, dole ne a tanadi banɗaki ga masu cin abinci. Idan 19 ne ko ƙasa da haka, babu wannan tilas. Mafi yawan ƙananan shagunan fiza da ake sayar da yanki-yanki a nan suke faɗawa: kanta doguwa, tanda a bayanta, akwatin gilashi da aka jera fiza a ciki, sai tebur uku ko huɗu jingine da bango. Masu buɗe irin wannan shago sun san lissafin sarai, shi ya sa sau da yawa in ka ƙirga za ka tarar kujerun sun tsaya daf da 20 ba su kai ba.

Abu na biyu shi ne ya shafi tsofaffin shaguna kai tsaye. Ko da kujerun sun haura 20, idan tun ranar 5 ga Disamba 1977 ko kafin nan ake sayar da abinci da lasisi a wannan wurin, dokar ta ɗauke wa shagon wannan tilas. Ka lura da kyau, rangwamen yana bin wurin ne, ba mutumin ba. Ko shagon ya canja hannu, ɗa ya gaji uba ko wani baƙo ya saya, muddin gurbin nan ne, rangwamen na nan. A birnin da fiza ta daɗe kamar Niyok wannan ba ƙaramar togaciya ba ce. An buɗe shagon fiza na Totonno's a Coney Island tun 1924, John's na titin Bleecker tun 1929, Patsy's na gabashin Harlem tun 1933, kuma akwai ƙanana da yawa a unguwannin da Italiyawa suka zauna, irin su Belmont da ke nan Bronx, waɗanda suka girmi 1977 nesa ba kusa ba. Na ambaci waɗannan sunaye ne don ka ga daɗewar sana'ar, ba don suna da hannu a maganarka ba.

Rangwamen yana ƙarewa ne ranar da mai shago ya yi gyara babba, irin wanda sai ya nemi izinin Hukumar Gine-gine ta birni. Daga nan, in kujerunsa sun kai 20, sai ya saka banɗakin kwastomomi. Fenti da sauya tebur ba sa cikin wannan lissafi. Amma idan ka san an taɓa rushe bango a shagon, an faɗaɗa shi ya haɗe da na maƙwabta, to akwai magana, kuma ana iya duba izinin gini na kowane adireshi a shafin hukumar kyauta.

A ra'ayina wannan rangwame ya tsufa. An yi shi ne don kada a durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa da ke cikin gine-gine masu ƙunci, kuma hujja ce mai ma'ana a lokacinta. Sai dai an doshi shekara 50, kuma masu ɗanɗana kuɗar abin su ne tsofaffi, masu juna biyu da iyaye masu ƙananan yara, a birnin da banɗakin gwamnati ya yi ƙaranci ƙwarai. Duk da haka doka ce mai aiki a yau, dole in faɗa maka ita yadda take.

Kowane gidan abinci dole ya kasance da banɗakin ma'aikata, wannan babu togaciya. To me ya hana a bar Baba ya shiga? Wani lokacin rowa ce kawai. Wani lokacin kuma mai shagon yana da uzuri na gaske: dokar lafiya ba ta yarda kwastoma ya ratsa ta kicin, ko ɗakin ajiyar abinci, ko wurin wanke-wanke don zuwa banɗaki ba. A tsofaffin shaguna banɗakin kan kasance can bayan tanda, ko a ƙasan bene ta wata matattakala mai tsayi, tsakanin buhunan fulawa da gwangwanayen tumatir. Idan duba-gari ya shigo ya tarar da baƙo a wurin, mai shago ne zai sha tara.

Inda nake ganin ƙarfin maganarku yake shi ne rashin lafiyar Baba. Jihar Niyok tana da doka tun 2017 da ta ce duk wurin kasuwanci da ke buɗe ga jama'a, mai banɗakin ma'aikata, ya bar mai lalurar da ke buƙatar banɗaki cikin gaggawa ya yi amfani da shi. Asalinta don masu ciwon kumburin hanji aka yi ta, kuma jihar Illinois ce ta fara irinta a 2005, amma lafazinta ya haɗa da duk wata lalura da ke buƙatar banɗaki nan take. Tana da sharuɗɗa: ya zama lokacin da shagon ke buɗe, ma'aikata aƙalla biyu suna bakin aiki, babu wani banɗakin jama'a kusa da za a iya kaiwa nan take, kuma shigar ba za ta jawo haɗari bayyananne ga lafiya ko tsaro ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai shago zai fake da shi idan hanyar ta bi ta gefen tanda. Ba a ambaci ciwon suga da suna ba, saboda haka ka roƙi likitan Baba ya rubuta 'yar gajeriyar takarda da Turanci cewa lalurarsa na buƙatar banɗaki cikin gaggawa, a naɗe ta a cikin walat ɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takarda mai hatimin asibiti takan sauya fuskar manaja fiye da doguwar gardama.

Batun kotu kuwa, ba zan ba ka shawarar ka kashe kuɗinka a can ba. Karya dokar lafiya ta birni hukuma ce ke hukunta shi da sammaci da tara, ba hanya ce ta samun diyya ga kwastoma ba. Dokar kare haƙƙin nakasassu ta tarayya ta 1990 ma ba ta tilasta a gina banɗaki inda babu shi. Abin da ta ce shi ne, inda ake ba jama'a, a kawar da shingen da ke hana nakasasshe shiga gwargwadon abin da zai yiwu ba tare da babbar wahala ko kuɗi mai yawa ba.

Lamarin zai sauya gaba ɗaya idan wariya ce. Da a ce kun ga an ba wani kwastoma makulli, ku aka hana ku, kuma akwai alamar cewa launin fata, addini, ƙasar asali, shekaru ko nakasa ne dalili, to wannan ƙara ce mai ƙarfi. Ana kai ta Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta birni cikin shekara 1 daga ranar da abin ya faru, ko kotu cikin shekara 3. Ba ka ambaci haka a wasiƙarka ba, amma ka tuna da kyau, ka kuma tambayi Baba abin da ya gani.

In ba haka ba, abin yi shi ne ka koma ka ƙirga kujerun a natse, ka rubuta ranar da abin ya faru da lokacin, ka adana rasit. Idan sun kai 20 kuma sai bayan 5 ga Disamba 1977 aka fara sayar da abinci a wurin, ko an yi masa babban gyara, ka kira 311, lambar wayar hukumomin birni, ka shigar da ƙorafi, za a miƙa shi ga Hukumar Lafiya. Kana iya neman tafinta a wayar. Kada kuma zafin rai ya sa ka tura kai bayan kanta in an hana ka, ko ka ƙi fita bayan an ce ka fita. Wannan shiga ce ba izini, kuma 'yan sanda na iya rubuta maka sammaci a kai.

Kai kanka kana da wani haƙƙi dabam da ya kamata ka sani, kai da 'yan'uwanmu masu yawa da ke wannan sana'a ta keke. Majalisar birni ta yi doka a 2021, ta fara aiki a Janairun 2022, wadda ta wajabta wa kamfanonin manhajar kai abinci su sa sharaɗi a yarjejeniyarsu da gidajen abinci cewa a bar mai ɗaukar saƙo ya shiga banɗaki lokacin da ya zo karɓar oda. Dokar ba ta rataya wannan haƙƙi a kan yawan kujeru ba, togaciyarta dai irin waccan ce ta ratsa kicin ko haɗari bayyananne. Idan an hana ka kana kan aiki, ka ɗauki hoton odar a wayarka mai nuna sunan shagon da lokaci, ka sanar da kamfanin a rubuce ta cikin manhajar, sannan ka kai ƙorafi ga Hukumar Kare Masu Saye da Ma'aikata ta birni, ita ma ta lambar 311.