Ku Tambayi Anti: Kwana 7, gari 4, a ina za mu ci abinci?

Assalamu alaikum Anti. Ni Bakatsiniya ce, aure ya kawo ni Agege shekara 14 ke nan. Yaranmu uku duk a Legas aka haife su, in ban da zuwa biki ko gaisuwa ba su san Arewa ba. Maigida ya ce hutun Disamba zai kai mu buɗe ido na kwana 7. Za mu sauka Kano a jirgi, mu wuce Zariya, Jos da Bauchi, mu dawo Kano mu hau jirgin komawa. A kan abinci muka sami saɓani. Shi ya ce a otal kaɗai za mu riƙa ci, don yana tsoron cikin yara ya ɓaci. Ni kuwa so nake su ɗanɗani abin da na tashi ina ci. Don Allah Anti ki raba mana gardama.

Maman yara uku, Agege

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki gai da maigidan, ki ce masa tsoronsa yana kan hanya, amma maganin da ya kawo ba shi ne magani ba. Ba alamar otal ce take tsare ciki ba. Soyayyiyar shinkafar da aka dafa tun hantsi aka bar ta cikin ɗumi-ɗumi har magariba ta fi haɗari a kan masar da ake ɗagowa daga tanda a gaban idonki. Dafaffiyar shinkafa in ta daɗe ba zafi ba sanyi, akwai ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a cikinta, kuma dafin da take bari ko an sake ɗumamawa ba lalle ya mutu ba. Ni da kaina na ɗanɗana. Wata shekara ina dawowa daga Bauchi, direba ya tsaya a wani gari bayan la'asar, na sayi shinkafa da miya daga kular da ba ta ko tururi. A daren nan sai da aka ƙara mini ruwa. Tun daga ranar, abin da ba na gani yana tururi ba na kai shi baki a hanya.

To abin da za ku kiyaye shi ne lokaci. Kowane abinci a garuruwan nan yana da sa'arsa, kuma wanda ya zo a kan sa'a shi yake samun mai zafi da mai daɗi a tare. Masa da ƙosai da koko na safe ne. Tuwo da ɗanwake da shinkafa da wake, daga hantsi zuwa azahar. Tsire da balangu kuwa sai rana ta yi sanyi, lokacin da aka hura tukuba. Duk rumfar da kika ga ma'aikata da 'yan kasuwa sun cika benci, tukunyarta ba ta kwana. Kada ki tambayi mai karɓar baƙi a otal kawai, domin sau da yawa wajen masu tsada zai nuna muku, yana ganin ya girmama ku. Ki tambayi mai gadi, ko ɗan adaidaita, ki ce masa, "Malam, kai a ina kake cin tuwo?" Da ɗan gari akan ci gari.

Kano sau biyu za ku taka ta, saboda haka kada ku yi mata gaggawa. Ranar sauka ku huta, ku ci tuwon shinkafa da miyar taushe, ko na dawa da miyar kuka in kina son yara su san asali. Washegari ku nemi gurasa. Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, ita ce ta yi suna da ita, a tanderu ake gasa ta. Ki sa a yi muku bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. A nan ga shawarata saboda yara: ku sayi gurasar da ƙulin, ku koma masauki, ki wanke tumatir da albasarki da ruwan gora ki haɗa da hannunki. Ɗanyen kayan lambu da ruwan da aka jiƙa abu da shi, su ne ƙofar da ciwon ciki ya fi shigowa ta ita.

Zariya tafiyar kamar awa biyu ce in hanya ta yi kyau. In kun karya a Kano za ku isa kafin azahar, daidai lokacin fate. Kin san wasan da ake yi wa Zazzagawa a kansa, amma ni ina ganin sun cancanci yabo. Faten tsaki da ya ji yakuwa da alayyafo da gyaɗa, ga wake ya nuna luguf a ciki, abinci ne mai sauƙi a ciki, kuma da zafinsa ake shan sa. A wajen Tudun Wada ko cikin birni za ku tambaya. Wata ƙila yaran su yatsina fuska da farko saboda tsamin yakuwa. Kada ki tilasta musu faranti guda kowa. Ki sayi ɗaya, cokali uku, in sun yi santi a ƙaro.

Jos ita ce ta fi buƙatar ki buɗe ido. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, a Disamba kuma sanyinsa ba irin wanda 'yan Legas suka sani ba ne. Ku tafi da rigunan sanyi, da asuba kuma mai shayi zai zama abokinku: shayi mai kauri, burodi, wainar ƙwai da aka soya kina kallo. Gari ne na ƙabilu da addinai da yawa, kowa da abin da yake ci, don haka ba laifi ba ne ki tambayi nama na mene ne kuma wa ya yanka. Mutanen Jos sun saba da wannan tambaya, za a ba ki amsa ba tare da ɓacin rai ba. Wajen Babban Masallaci da titin Bauchi akwai gidajen abincin Hausawa da yawa. Amma kada ku bar garin ba ku sha gwate ba, wanda ake yi da acca da ganye da gauta. Sai dankalin turawa, wanda ake nomawa a yankin Bokkos da Mangu. Soyayyensa a can yana da wani garɗi da ba za ki samu a wanda ya kwana uku a bayan babbar mota kafin ya isa kasuwar Mile 12 ta Legas ba. In da hali ki leƙa kasuwar Farin Gada ki nuna wa yara tulin kabeji da karas.

Bauchi kuwa, ƙanwata, a nan nake so ki dage. Daga Jos kilomita 130 ne ko kusa da haka. Ku kwana, ku tashi da wuri, ku je wajen mai masa da kanku. Na san ba kowane maigida yake son iyalinsa su zauna a benci a bakin titi ba, wannan kuma hakkinsa ne. Sai ku zauna a mota, shi ya tsaya kan mai tuya, a zuba a kular da kika zo da ita daga gida. Masar Bauchi fara ce tas, bakinta ya soyu, cikinta kamar auduga, ga ɗan tsamin ƙullun da ya kwana ya tashi. A ci da miyar taushe, ko da yaji da ƙuli, yara kuma a sa musu suga ko zuma. In ta huce rabin daɗin ya tafi, shi ya sa ba na goyon bayan a aiki yaro ya kawo ta otal a leda. Idan za ku shiga Yankari, ku tuna daji ne, ba masu tuya a bakin hanya, ku riƙe guzuri da ruwa.

Tsaraba ki bar ta sai kun dawo Kano. Kilishin Agadasawa, alkaki, dubulan, duk suna jure tafiya. Ki ɗanɗana kafin a naɗe miki.

Ruwa kuwa na gora mai hatimi kawai. Zoɓo da kunun aya na ƙulli da duk abin da aka jefa wa ƙanƙara, yara su haƙura. Fura ki sayi curinta, ki dama da kanki da madarar da kika amince da ita. Ki riƙe sabulu, da tsabar kuɗi ƙanana domin ba kowace mai abinci ke karɓar tiransifa ba, da ƙunshin gishiri da suga na kemis, wanda ake damawa a sha in gudawa ta kama yaro. In babu, lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gudawa ta zo da jini ko zazzaɓi, ko yaro ya kasa riƙe ruwa, asibiti kai tsaye.

Shi kuma maigida ki bar masa abincin dare a otal, in dai sabon dahuwa ne. Ke ki karɓi safe da rana.

* * *

Anti, ni ɗalibi ne, ina yawan bin motar haya tsakanin Kaduna da Gombe. Direba yakan tsaya inda ya ga dama, ya ce minti 15. Me ya fi dacewa in saya?

Ɗalibi, Kaduna

Ɗana, direbobi da yawa suna tsayawa ne inda suka saba da mai abinci, wannan ba ya nufin tukunyar sabuwa ce. Ka leƙa ka gani. In tana kan wuta, bismilla. In a kula take tun safe, ka wuce wajen abin da ke da ɓawo ko wanda ake gasawa a gabanka: ayaba, lemo, dafaffen ƙwai da ba a ɓare ba, gasasshiyar masara, gyaɗa. In tsire ne, ka sa a mayar da shi kan wuta har ya yi ƙara, ka ce kada a sa maka kabeji da albasa.