Fili a tsibirin Bawean: sunan wa za a sa a takarda?

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, ina saro kayan sawa a kasuwar Tanah Abang da ke Jakarta. Shekara huɗu ke nan da na auri 'yar Indonesiya, mutuniyar wani ƙauye a tsibirin Bawean. Mun je ganin gida da ƙaramar sallah, wurin ya kwanta mini a rai. Wani dattijo zai sayar da fili a bakin teku, ina so in gina mana gida da 'yan ɗakunan saukar baƙi. An ce baƙo ba ya mallakar ƙasa a can, sai yayan matata ya ce a sa sunansa, mu rubuta a tsakaninmu cewa filin nawa ne. Takardar filin kuma ta ofishin dagaci ce. In biya?

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka biya ko sisi tukuna, kuma maganar sa sunan surukinka ka ajiye ta gaba ɗaya.

Ba zargin bawan Allah nan nake yi ba, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. Matsalar a dokar take. Dokar ƙasa ta Indonesiya, mai lamba 5 ta 1960, ta ce a sashe na 21 ɗan ƙasa kaɗai ke riƙe cikakkiyar mallaka, wadda suke kira Hak Milik. Sashe na 26 kuma ya toshe ƙofar baya: duk cinikin da aka shirya don ƙasa ta koma hannun baƙo, kai tsaye ko ta zagaye, ɓatacce ne, filin ya zama na gwamnati, kuɗin da mai sayarwa ya karɓa kuma ba a neman a dawo da su. Dabarar da aka kawo maka su kansu suna ce mata pinjam nama, wato aron suna, kuma ka san kayan aro ba ya rufe katara. Takardar da za ku rubuta a tsakaninku, ranar da ka kai ta gaban alƙali, kai da kanka ka kawo shaidar cewa kun zagaye doka. In kuma Allah ya yi wa surukin naka rasuwa, filin ya shiga gadon 'ya'yansa. In ya ci bashin banki, da shi za a yi jingina.

Za ka ce to a sa sunan matarka mana, ai 'yar ƙasa ce. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Mu a nan mun saba dukiyar miji daban, ta mata daban. A can, dokar aure ta 1974 ta ce abin da aka samu bayan ɗaurin aure na ma'aurata ne su biyu. Ke nan in ta sayi fili yau, kana da rabo a ciki ko ba ka so, kai kuma baƙo ne, sai a ba da shekara ɗaya a rabu da filin, in ba haka ba ya koma wa gwamnati. Maganinsa yarjejeniyar raba dukiya. A da sai kafin aure ake yin ta, har wata lauya mai suna Ike Farida, wadda ke auren ɗan Japan, ta kai ƙara Kotun Tsarin Mulki bayan an hana ta mallakar gidan da ta biya. A watan Oktoba 2016 kotun ta yarda a riƙa yin yarjejeniyar ko bayan aure. Ku je wurin notaris, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, ya rubuta muku, a kai a yi rajistarta a KUA, ofishin da ke kula da auren Musulmi. In a Najeriya aka ɗaura auren, sai an fara yi masa rajista a Indonesiya. A gama wannan kafin a sa hannu a cinikin fili, ba bayansa ba.

Amma in gaya maka gaskiya tun yanzu: da ka sa hannu a wannan takarda, filin na matarka ne ita kaɗai. In aure ya mutu, ba ka da taku ɗaya a ciki. In ta riga ka rasuwa, rabon gadonka ma shekara ɗaya kake da ita ka sayar ko ka miƙa wa ɗan ƙasa. Idan ka ɗauki abin a matsayin kyauta ga uwar 'ya'yanka, madalla, hanya ce mai tsabta. Idan jari kake nufi, haya ta fi maka: baƙon da ke zaune a ƙasar yana iya karɓar hayar fili ta shekaru masu yawa da sunansa, a rubuta a gaban notaris, a fayyace sabuntawa da makomar ginin. Akwai kuma Hak Pakai, izinin amfani na shekara 30 da ake ƙara wa 20, sannan a sabunta 30, sai dai an sa wa baƙi mafi ƙarancin farashin gida, wanda a lardin Java ta Gabas, inda Bawean take, rupiya, kuɗin ƙasar, biliyan 5 ne. Gidan ƙauye bai kai nan ba. Kamfanin jarin waje kuma ana neman shirin zuba fiye da rupiya biliyan 10, ƙananan masaukai irin naka kuwa an keɓe su ga masu ƙaramin jari 'yan ƙasa. Lasisin ɗakunan baƙin da sunan matarka zai fita.

Sai takardar dattijon, wadda ta fi komai tsaya mini a rai. Abin da ke ofishin dagaci a yankin Java ta Gabas galibi Petok D ne ko Letter C, tsofaffin takardun haraji, ba satifiket ɗin hukumar ƙasa ta BPN ba. Dokar gwamnati mai lamba 18 ta 2021 ta ba da shekara biyar a yi wa irin waɗannan filaye rajista, zuwa Fabrairu 2026, bayan nan takardun manuniya ce kawai, ba hujjar mallaka ba. Rasidin harajin shekara shi ma ba hujja ba ne. Ga kuma halin Bawean: mazan tsibirin sun daɗe suna tafiya ci-rani Malesiya da Singafo, kusan kowane gida da nasa a waje. In filin na gado ne, dattijon na iya zama ɗaya daga magada takwas, biyar suna ƙetare. Duk wanda bai sa hannu ba zai iya dawowa bayan ka zuba dakali ya ce bai sayar ba. Ka sa sharaɗi: mai fili ya fitar da satifiket da sunan magada, BPN ta zo ta auna, sannan a yi takardar ciniki a gaban PPAT, jami'in da doka ta ba wannan aiki. Mai saye na biyan harajin kashi 5 cikin ɗari, mai sayarwa kashi 2.5. Kuma tunda ka ce bakin teku, ka sa a auna daga inda ruwa ke tsayawa in ya cika: aƙalla mita 100 daga nan tsararren yanki ne da ba a barin gini yadda aka ga dama. Girgizar ƙasar Maris 2024 ta rushe gidaje da yawa a tsibirin, don haka kada ka yi rowar ƙarfe a ginin.

Batun shiga da fita ma ka shirya shi. Najeriya na cikin ƙasashen da Indonesiya ta sa a jerin masu biza ta musamman, wadda sai an tantance a Jakarta kafin a bayar, kuma takan ɗauki lokaci. Tunda aurenku ya wuce shekara biyu, matarka na iya tsaya maka ka nemi izinin zama na dindindin, KITAP, bayan na wucin gadi, KITAS. Ka daina shiga da bizar ziyara kana ƙirga kwanaki. Bawean tana tsakiyar Tekun Java, jirgin ruwa mai gudu daga Gresik, gari a gaɓar tsibirin Java, yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu igiyar ruwa kan hana shi tashi na kwanaki. Hukumar shige da fice na cin tarar rupiya miliyan 1 a kan kowace ranar da ka ƙara, in ta wuce kwana 60 kora ce da hana dawowa. Duk lokacin da za ka tsallaka tsibirin, ka tabbata akwai sauran aƙalla mako biyu a izinin zamanka.