Amsa: Me yasa hasken lezar CuBr dina ke raguwa in na ƙara zafi?

Salam ɗan uwa, ka ce ka ƙara wa hita wuta don hasken ya ƙaru sai ma ya ragu. Ai haka take, ba lalacewa tayi ba.

Ita wannan leza ta CuBr, wato ta tururin gishirin jan ƙarfe da buromin, zafinta na da iyaka, wajen digiri 450 zuwa 500 na Celsius ake riƙe ma'ajiyar gishirin da hita ke ɗumamawa ya zama tururi, ba kamar ta jan ƙarfe zalla ba da sai an kai kusan 1500. In zafi yayi ƙasa tururin bai isa ba, haske ba ƙarfi, in kuma ya wuce gona da iri tururi da buromin su cika bututun lezar, su riƙa cinye ilektron, tartsatsin wutar ya fara rawa, shikenan ƙarfi ya faɗi.

Ka sa ido kan launin sosai. Kore na 510.6 nm (nanomita, ma'aunin tsawon zangon haske) shi ke fara raguwa, sai kaga rawaya na 578.2 nm na neman rinjaye, to zafi yayi yawa kenan.

Ni dai shawarata ka rage digiri goma goma, kana jira ya zauna kafin ka auna, kar kayi gaggawa don Allah. Ɗan haidurojin kaɗan cikin iskar niyon da ke bututun ma na taimakawa ƙwarai.