Tasta mai gano wuta da auna zafi: za ta iya maye gurbin mita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni yaron shago ne, shekarata biyu ina koyon wayarin a Zariya. Na ga wata tasta mai kama da biro, tana kuka idan an kai ta kusa da waya mai wuta, kuma tana auna zafin abu daga nesa. Idan na saye ta, ina da sauran buƙatar mita, wato na'urar hannu ta auna wuta (multimeter)? Maigidana ya ce kayan wasa ce.

Amsa: Wa alaikumus salam. Maigidanka ya ɗan tsananta, amma kada ka ajiye mitarka.

Na'urori biyu ne a jiki ɗaya. Sananniya a cikin irin waɗannan tastoci ita ce NCVT-4IR ta kamfanin Klein Tools na Amurka, wadda take gano wutar AC (mai juyawa, irin ta NEPA) daga bolt 12 zuwa 1000, take kuma auna zafi daga digiri 30 ƙasa da sifiri zuwa 250 a ma'aunin Salshiyas. Akwai ire-irenta da yawa a kasuwa, masu kyau da na bogi.

Bakin tastar ba ya taɓa ƙarfen waya. Wutar NEPA tana juyawa gaba da baya sau 50 a daƙiƙa, wannan juyawar ce take haifar da wani ƙarfi a kewayen wayar, shi tastar take ji ta cikin roba. Jikinka ma yana cikin aikin, domin ta hannunka ne ɗan abin da ta ɗauko yake samun hanyar ƙasa. Daga nan za ka fahimci inda take cin amana. Wutar batir da ta farantin sola ba sa juyawa, don haka tastar za ta yi tsit a kan wayar da ta sauko daga faranti goma da aka jera, alhali wutar da ke ciki ta haura bolt 300, ta isa ta kashe mutum. Wayar da ke cikin bututun ƙarfe, ko kebul mai sulke, shi ma shiru za ka ji. Haka idan kana kan busasshen tsani na katako, ko batirin tastar ya yi sanyi, tana iya ƙin kuka.

Tana kuma kukan banza, misali a kan matacciyar waya da ta kwanta kusa da mai wuta. Wannan bai dame ni ba, ɗan lokaci kawai zai ci maka. Shirunta ne abin tsoro. Kafin ka sa hannu, gwada ta a soket ɗin da ka tabbata yana da wuta, ka gwada wayar aikinka, ka sake komawa soket ɗin farko. Bayan haka ka ɗauko mita ka auna tsakanin layif (waya mai kawo wuta) da nutural (wadda wuta take komawa ta cikinta), da tsakanin kowannensu da wayar ƙasa. A gidajenmu da wuta take shigowa ta NEPA da janareta da inbata, kashe bireka (makunnin da ke yanke wutar layi) ɗaya ba ya nufin layi ya mutu.

Ɓangaren zafin shi ya fi burge ni. Duk inda sukuru ya saki, ko aka murɗa waya da hannu aka naɗe, wurin yana ɗaukar zafi tun kafin ya yi baƙi ko ya fara wari. Ka buɗe akwatin birekoki lokacin da firji da iyakwandishan da famfon ruwa suke aiki, domin haɗin da ba a jan wuta ta cikinsa ba ya zafi ko da ya lalace. Ka auna birekoki masu ɗaukar kaya iri ɗaya ka kwatanta. Idan biyu sun nuna digiri 40, na uku ya nuna 65, ka san inda za ka fara bayan ka kashe wuta. Robar PVC ta wayoyin gida digiri 70 aka yi ta ta jure, kuma a zafin watan Afrilu akwatin da ke rana ya riga ya ci rabin wannan tun ba a kunna komai ba.

Abubuwa biyu suke ruɗar sababbin hannu. Na farko nisa. Jan ɗigon hasken nan nuni ne kawai, ba shi yake awo ba. Irin ta Klein, daga nisan santimita 40 tana ɗaukar da'ira mai faɗin santimita 10 ta ba ka matsakaicin zafinta, sai zafin ƙaramin sukuru ya ɓace cikin sanyin abin da ke kewaye da shi. Dole ka matso, kuma matsowa kusa da ƙarfe mai wuta yana son natsuwa. Na biyu ƙyalli. Jan ƙarfe ko alminiyam mai sheƙi ba ya fitar da zafinsa yadda na'urar take zato, sai ta nuna maka 35 a kan abin da zai ƙona yatsa. Ka auna robar wayar dab da haɗin, ko ka manna baƙin salatif a kan ƙarfen lokacin da wuta take kashe, ka auna salatif ɗin daga baya. Ba ta gani ta cikin gilashi ko murfin roba, zafin murfin za ta ba ka. Kuma kada a gida su sa ka auna zazzaɓin yaro da ita, kuskurenta ya kai digiri biyu ko fiye.

Idan za ka saya, ka duba an rubuta CAT III ko CAT IV (alamar matakin kariyarta daga wuta mai ƙarfi) a jikinta, ka sa mai shago ya gwada ta a soket a gabanka. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, mita mai kyau za ka fara saya.