Likita, Wa Ya Kamata In Gani? Amsoshin Tambayoyinku Daga Zariya

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan karon sun fi ƙarfin filin da nake da shi, don haka na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na kuma sakaya sunaye. Abin da zan rubuta ba zai ɗauke muku zuwa asibiti ba, domin akwai ciwon da sai ido ya gani, hannu ya taɓa.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a Samaru. Kusan duk wata sai na yi zazzaɓi da ciwon kai da kasala. In na je gwaji a ce taifot da maleriya, a yi min allurai da ƙarin ruwa. In ji sauƙi mako biyu, abin ya dawo. Taifot ɗin nan ba ya warkewa ne, ko yana da likitansa na musamman?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Taifot yana warkewa, kuma ba cuta ce mai zuwa duk wata ba. Ina kyautata zaton gwajin Widal ake yi miki. Tun 1896 wani likitan Faransa ya fito da shi, kuma ba ƙwayar cutar yake nema ba, sawun da ta bari a jini yake gani. A wuri irin namu da kusan kowa ya taɓa shan ruwan da ba shi da tsabta, mai lafiya garau ma in an ɗebi jininsa takarda za ta iya cewa taifot ne. Hanyar tabbatarwa ita ce a ajiye jinin a ɗakin gwaji 'yan kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Taifot na gaske zazzaɓinsa yana hawa kullum har ya wuce mako, da ciwon ciki, yana kwantar da mutum, in an yi sakaci ma yakan huda hanji.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki. Ranar da kika ji zazzaɓin ki auna, ki rubuta. In bai kai 38 ba, to mai yiwuwa ba zazzaɓi ke damunki ba. Ƙarancin jini saboda al'ada mai yawa, cutar mafitsara, ciwon kai na ɓari guda, rashin barci lokacin jarrabawa, har da idon da ke buƙatar tabarau, duk suna iya kawo abin da kike ji. Allurai da ƙwayoyin kashe cutar da ake ta ɗura miki kuwa suna koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai ne, ranar da za ki buƙace su da gaske su ƙi aiki.

Ba ƙwararre kike buƙata yanzu ba, likitan iyali ne, wanda ke duba kowane irin ciwo. Bari in tsaya a nan kaɗan, domin rabin saƙonnin da nake samu tambayarsu ke nan. Mutum ya taso daga Soba ko Giwa da asuba, ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana neman "babban likita", alhali bai san wane sashe ciwonsa ya dosa ba. Ƙofar farko ita ce asibitin shan magani na unguwa, ko babban asibiti irin na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko sashen duba marasa lafiya na gaba ɗaya a Shikan. Can ne ake sauraronka, a auna ka, in abin ya fi ƙarfin wurin a rubuta maka takardar turawa zuwa ga wanda ya dace. Takardar nan tana rage wa mutum yawo da kashe kuɗin mota.

Tambaya: Dokta, shekarata 54, ina kasuwanci a Sabon Gari. Basir ya dame ni kusan shekara guda, ina ganin jini in na yi bayan gida. Na sha na gargajiya iri-iri. Yanzu har na rame, wani lokaci gudawa wani lokaci cikin ya ƙulle. Wane magani ya fi?

Amsa: Alhaji, saƙonka shi ya fi tsaya min a rai, kuma ba zan ba ka sunan magani ba. Roƙonka nake ka ga likitan tiyata cikin makon nan.

Basir jijiyoyin jini ne da ke kumbura a bakin dubura. Jininsa ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama, ba ya cakuɗuwa da bayan gidan. Ba ya ramar da mutum, ba ya kuma sauya masa yanayin ciki daga gudawa zuwa ƙullewa. In jini ya haɗu da rama, da sauyin bayan gida, da majina, da jin kamar ba ka gama ba, ga kuma shekaru sun haura hamsin, wajibi ne a duba babban hanji a tabbatar ba ƙari ba ne. Ban ce daji ne da kai ba. Akwai kumburin hanji da wasu cututtukan da ke kawo haka. Amma wanda bai duba ba, ba shi da ikon ce maka ba shi ba ne, ko mai maganin da ke shela da lasifika a bakin kasuwa, ko ni da nake karanta saƙonka.

Na san abin da ke hana maza irinka zuwa, kunya ce. Likitan zai sa ka kwanta ta gefen hagu, ya sa safar hannu, ya duba da yatsa, abin ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Daga nan zai iya tura ka a zura siririn bututu mai kyamara a ga cikin hanjin, in an ga wani tsiro a gutsuro ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaji. Ƙarin hanji in an kama shi da wuri ana yanke shi mutum ya ci gaba da harkokinsa. In ya riga ya bazu zuwa hanta, aikin ya zama wani abu daban. Kowane watan da aka ƙara ana shan jiƙo mai sa gudawa, daga lokacin da ake da shi ake cirewa.

Ga sauran masu karatu da aka riga aka duba aka tabbatar basir ne kawai: a yawaita ruwa, da ganye irin zogale da rama da alayyahu, da wake da gwanda, a daina yunƙuri da daɗewa a banɗaki, a riƙa zama cikin ruwan ɗumi. Basir ɗin da ya ƙi ji, ana ɗaure shi da zoben roba ko a yi ƙaramin aiki. Masu ɗora wa basir laifin raunin mazakuta kuma, ku auna suga da hawan jini, su suka fi jawo shi. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari kuwa jini ne daga sama, daga tumbi, wannan na gaggawa ne, musamman ga masu yawan shan maganin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen.

Tambaya: Mijina yana tari fiye da wata guda, da gumin dare, ba ya cin abinci. Kemis ya ba shi na ruwa har kwalba uku.

Amsa: 'Yar'uwa, duk tarin da ya kai mako biyu ana gwada shi don tarin fuka. Mu a Zariya mun yi sa'a, Cibiyar Horarwa kan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa tana nan Saye, manyan asibitocinmu ma suna da sashensa. Majinar ƙirji ake karɓa a sa a na'ura, gwaji da magani duk kyauta ne. Wata shida ake sha ba fashi, ko da ya ji garau a wata na biyu, domin yankewa ke haifar da tarin da ba ya jin magani. Zai ga fitsarinsa ya koma ja-ja, aikin ɗaya daga ƙwayoyin ne, kada ku tsorata. A buɗe tagogi, ke da yaran kuma a duba ku, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar.

Tambaya: Likita, shekarata 27, na ji wani ƙullutu a mamana na dama wata uku ke nan. Ba ya ciwo. Gwaggona ta ce kada in yarda a taɓa shi a asibiti, wai daji ba ya son allura.

Amsa: Ƙanwata, na ji daɗi da kika yi magana. A shekarunki yawancin irin wannan ƙullutun ba daji ba ne, sau da yawa wani tsiro ne mai santsi da ke zillewa ƙarƙashin yatsa. Sai dai rashin ciwo ba shaida ba ce, domin dajin mama ma da fari ba ya ciwo. Likitan tiyata za ki gani, kuma kina da damar neman mace ta duba ki ko ta tsaya a ɗakin. Za a taɓa, a yi hoton sikanin, in da buƙata a ɗebi ɗan nama da allura.

Maganar Gwaggo na san inda ta samo asali. An ga mata da aka kai asibiti bayan ciwon ya fashe ya ci jiki, aka yi aiki, ba su tashi ba, sai aka ɗora wa allura da wuƙa laifi. Jinkirin ne ya cuce su, Allah ya jiƙansu. Ki lallaɓa ta, in ta yarda ma ku tafi tare ta ji da kunnenta. Kada a tsaga wurin, kada a shafa masa komai. In kika ga kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi kauri da ƙananan ramuka, ko kaluluwa a hammata, kada ki jira ko kwana uku. Akwai sashen masu ciwon daji a Shika.

Tambaya: Mahaifiyata tana da hawan jini. Ta sha magani wata biyu, aka auna ya sauka, ta daina. Yanzu sai in kanta ya yi ciwo take sha. Daidai ne?

Amsa: Ba daidai ba ne, Malam. Maganin ne ya saukar da shi, da an janye zai koma. Hawan jini kuma galibi ba ya sa ciwon kai, shiru yake ɓarna a zuciya da ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa. Abin da muke nema awonta ya zauna ƙasa da 140 bisa 90. Ku mayar da Hajiya wurin likitan da ya fara ba ta maganin, a auna fitsari da aikin ƙoda da suga. In ƙwayar tana damunta ne, kamar busasshen tari ko kumburin ƙafa, akwai wasu da za a sauya mata. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince wa babba a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin.

Likitan zuciya sai in tana haki in ta kwanta, ko ƙafafu sun kumbura, ko jinin ya ƙi sauka da magani iri uku. Amma in bakinta ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce, ku ɗauke ta zuwa sashen gaggawa nan take. Ku yi mata addu'a a cikin mota, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, tana iya shaƙewa. Mai ciki da ta wuce wata biyar in ta ji matsanancin ciwon kai, da kumburin fuska, da gani dishi-dishi, ita ma ranar za ta je, kada ta jira ranar awo, domin jijjiga ke biyo baya.

Tambaya: Mahaifinmu a Ƙwarbai ganinsa yana raguwa, yana yawan tuntuɓe da kayan gefen hanya. An ce yanar ido ce, mu jira ta nuna. Wani kuma ya ce akwai mai cirewa a gida.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Tuntuɓe da abin da ke gefe ya sa ni tunanin hawan jinin ido, ba yana ba. Yana tana sa gani ya yi hazo gaba ɗaya, kuma aikinta na ɗan lokaci ne, a cire ta a sa sabon gilashi a cikin idon, gani ya dawo. Ba a jiran ta nuna yanzu, da ta fara hana mutum harkarsa ana yi. Hawan jinin ido kuwa ruwan cikin ido ne ke danne jijiyar gani, yana cin gefe-gefe ba ciwo, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ɗigon magani na kullum ko aiki suna tsare ragowar ne kawai, shi ya sa kowane mako yake da daraja.

Mai cirewa a gida tura yanar yake yi cikin ido da tsinke. Mutum zai ga haske na ɗan lokaci, daga baya kumburi ko ƙwayar cuta su tafi da idon. Don Allah kada ku bari.

Ku kai shi sashen ido na Shika, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna ƙarfin ruwan idon a leƙa jijiyar. In hawan jinin idon ne, to yana bin jini, duk wanda ya kai shekara 40 cikin ku 'ya'yansa da ƙannensa ya je a auna shi. Ranar tafiya ku haɗa duk kwalaben ɗigon idon da yake amfani da su ku nuna wa likitan, domin wasu da ake saye a kemis saboda ƙaiƙayi suna ƙara hawan jinin idon.