Tambaya da Amsa: Yadda Kanel Ke Amsa Kiran Na'urori

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Bayero. Ina rubuta ƙaramin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na firosesar x86 mai bit 32, ina gwada shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta. Yana rubutu a allo lafiya lau, amma da zarar na ba da umarnin sti sai ya mutu ya sake tashi, ya yi ta maimaitawa. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, sti ba shi da laifi. Aikinsa kawai ya ba firosesa izinin sauraron kiran katsewa daga na'urorin waje, kai kuma ba ka shirya wa kiran masauki ba.

Kiran na'urori yana bi ne ta PIC mai lamba 8259, na'urar da ke karɓar kiran ta miƙa wa firosesa. Guda biyu ne, babba da ƙarami, kowanne da layi 8, jimilla layuka 16 da ake kira IRQ 0 zuwa 15. BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, na barin layukan babban a kan lambobi 8 zuwa 15 na IDT, teburin da ke nuna wa firosesa shirin da zai amsa kowane kira, alhali Intel ya keɓe lambobi 0 zuwa 31 don kurakuran firosesa. Agogon PIT kuwa yana bugawa kusan sau 18.2 a daƙiƙa a kan IRQ 0, don haka ƙiftawa da bismillah kiransa zai faɗa lamba 8, gurbin kuskure mai ninki biyu. In babu abin kirki a gurbin, kuskure ya hau kan kuskure har sau uku, sai firosesa ta sake kunna kanta. Abin da kake gani ke nan.

Maganin shi ne ka matsar da layukan zuwa 32 har 47. Aika 0x11 zuwa ƙofa 0x20 ta babban da 0xA0 ta ƙaramin, wato adireshin da firosesa ke magana da su ta nan. Sai 0x20 zuwa 0x21, 0x28 zuwa 0xA1, waɗannan su ne sababbin mafaransu. Sai 4 zuwa 0x21 da 2 zuwa 0xA1, don su san ƙaramin yana rataye ne a layi na 2 na babban. A ƙarshe 0x01 ga kowannensu. Kada ka sauya jerin, domin PIC ba ya gane saƙo sai ta matsayinsa a layi.

Bayan haka cika IDT, alamar kowane gurbi 0x8E, ka loda shi da lidt. Shawarata ka cika duka gurabe 256 ko da da ɗan shirin da zai buga lambar kiran ya tsaya, ya fi a bar su wayam. Ka rufe duk layukan sai IRQ 0 ta hanyar rubuta 0xFE a 0x21 da 0xFF a 0xA1, sannan ka yi sti. Kuma ka riƙa kunna QEMU da -no-reboot da -d int, zai tsaya ya nuna maka kiran da ya kayar da shi maimakon ya yi ta zagaye.

Tambaya: Daga Gyaɗi-Gyaɗi nake rubutowa. Direban kibod ɗina, wato shirin da ke haɗa kanel da kibod, yana karɓar harafin farko, daga nan shiru. Wani lokacin kuma ya dawo ya hargitsa shirin da ke gudana.

Amsa: Malama, matsala biyu ce kika haɗa. Shirun yana da dalili ɗaya cikin biyu. Ko ba ki aika wa PIC saƙon kammalawa ba, wato 0x20 zuwa ƙofa 0x20, ko ba ki karanta ƙofa 0x60 ta kibod ba. PIC ba zai sake miƙo kira daga wannan layin ba sai an ce masa an gama, haka ma mai sarrafa kibod ba zai turo sabon bayani ba muddin tsohon yana zaune ba a ɗauka ba. Ki yi duka biyun a kowane kira, ko da ba ki buƙatar harafin. In kiran daga IRQ 8 ne zuwa sama, kamar linzami da ke kan 12, sai an aika wa ƙaramin ta 0xA0 sannan babban.

Ki kuma lura, abin da ke fitowa daga 0x60 ba harafi ba ne, lambar madanni ce. Danna A yana ba da 0x1E, sakinsa 0x9E. Kowane dannawa yana zuwa da kira biyu, in ba ki duba bit na sama da ya bambanta su ba, za ki ɗauki sakin a matsayin wani dannawa.

Hargitsin kuma daga rajista ne, wato ƙananan ma'ajiyoyin cikin firosesa da take lissafi da su. Kira yana iya faɗowa a tsakiyar kowane lissafi. Kamar mai shago ne a Kantin Kwari yana ƙirga kuɗi aka yi masa sallama: in bai rubuta inda ya tsaya ba kafin ya amsa, ƙirgar ta lalace. Don haka mashigar kowane kira a asembili za ki rubuta ta: pusha, cld, ki kira aikin C, popa, sai iret. Aikin C zalla yana fita da ret ne, wanda ba ya mayar da rajistocin CS da EFLAGS ɗin da firosesa ta ajiye. Ranar da kika koma bit 64, babu pusha, sai ki ajiye rajista ɗaya bayan ɗaya, ki fita da iretq, ki kuma haɗa kanel da -mno-red-zone.

Tambaya: Malam, ya ya kamata a tsara direba, kuma zai yi aiki a kan tsohuwar kwamfutar cinya da na saya a titin Beirut?

Amsa: Raba direba gida biyu. Ɓangaren da ke amsa kira ya zama gajere matuƙa: ya karanta bayani, ya jefa a ma'aji mai zagaye na bayit 256, ya sallami PIC, ya fita. Fassara lamba zuwa harafi da rubutu a allo na ɗaya ɓangaren ne, wanda ke gudana kira a buɗe. Dalili kuwa, da alamar 0x8E firosesa na toshe sauran kira har ka fita, in ka daɗe agogo ya yi asarar bugu. Linux ma haka yake raba aikin. Alamomin ma'ajin ka sa musu volatile, in ba haka ba GCC, manhajar da ke haɗa shirin C, na iya ɗauka ba sa canzawa, madaukinka ya yi ta jira har abada. In ma'ajin ba komai, yi hlt don firosesa ta huta har kira ya zo, kada ka yi ta juyi kana zafafa na'ura.

Ni dai na fi so a fara da direban COM1, ƙofar serial da ke 0x3F8, kafin kibod, domin ta nan za ka riƙa ganin saƙonnin kanel ko allo ya ƙi. Sai agogo: don ya buga sau 100 a daƙiƙa, raba 1193182 da 100, ka sami kusan 11932, ka aika 0x36 zuwa 0x43, sannan ƙaramin bayit da babba na 11932 zuwa 0x40.

Kwamfutar taka, in tana da BIOS na da, akwai kyakkyawan zato zai tashi, kuma kibod ɗin jikin irin waɗannan galibi yana bayyana a matsayin PS/2. Sai dai ka shirya wa kiran bogi a IRQ 7: karanta rajistar ISR ta PIC, mai nuna kiran da ake kan amsawa, in bit na 7 ba ya kunne ka fita ba tare da saƙon kammalawa ba. Amfani da firosesa mai ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya kuwa sai ka rufe 8259 gaba ɗaya ka koma APIC, wanda ya gaji 8259.